Asalin gida, doki da majigi: wane littafi ya kamata Bakano ya fara saye?

Duk shekara, da zarar an sauka daga hawan Sallah, akwai wata ƙishirwa da take taso wa matasan Kano. Mutum ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ya ga hakimai suna jahi kowa da tawagarsa, maroƙa suna jero sunayen iyaye da kakanni, sai ya koma gida da tambaya fal ciki. Mu fa 'yan wane gida ne? Me ya kawo kakanninmu birnin nan? Tun yaushe ake wannan hawan? Daga nan sai maganar neman littafi ta taso. Kuɗin littafi a yanzu ba wasa ba ne, lokacin zama a karanta kuwa ya fi kuɗin wuyar samu, don haka gara mutum ya san abin da zai tarar kafin ya zura hannu a aljihu. Huɗu zan auna a nan: tarihin sarakunan Kano, labarin Baba ta Karo, littafin Robin Law a kan doki, da na Brian Larkin a kan rediyo da silima a Kano. Kowanne da tambayar da yake amsawa, wanda kuwa ya sayi ɗaya alhali tambayar ɗayan ce a ransa, ya yi asarar kuɗinsa.

Wanda kowa yake fara ambata shi ne tarihin sarakuna, wato rubutun nan na Larabci da Turawa suka sa wa suna Kano Chronicle. An haɗa shi a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya jero sarakuna 48 tun daga Bagauda. H. R. Palmer ya fitar da fassararsa ta Turanci a 1908, daga baya ya fito da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Mai rubutun bai sa sunansa ba, amma John Hunwick ya karkata ga cewa Ɗan Rimi Malam Barka ne, ɗaya daga cikin manyan bayin sarki. Wanda tsohon salo yake gundurarsa yana iya neman Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, wanda ya fito a 1958 da Hausa mai daɗin karatu, ya gangaro da labarin zuwa sarakunan gidan Dabo.

A nan za ka haɗu da Barbushe da dutsen Dala, da zuwan Wangarawa daga Mali, da Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau, ya fara fita da kakaki da figini da dawakin zage. Wani abu da yake burge ni a rubutun shi ne kusan kowane sarki sai an faɗi sunan uwarsa. Sai dai a kula da abu biyu. Na farko, shekarun da muke haddacewa, irin su 999 na hawan Bagauda, ba a cikin rubutun asali suke ba. Tsawon mulkin kowane sarki aka bayar, Palmer ne ya zauna ya yi lissafi da baya-baya, kuma duk nisan da aka yi baya, lissafin ƙara rauni yake. Ko maganar Wangarawa ma, tarihin sarakuna ya sa zuwansu a zamanin Yaji, tsakanin 1349 da 1385, amma rubutun da zuriyarsu suka bari, Asl al-Wangariyyin, ya kawo su zamanin Rumfa. Na biyu, kuma shi ya fi shafar mai neman asali, littafin sarakuna ne. Idan kai Basulluɓe ne, ko ɗan gidan Yolawa masu Madaki, ko Joɓawa masu Makama, ko Dambazawa masu Sarkin Bai, za ka gane ta ƙofar da gidanku ya shigo labarin bayan jihadi. Idan kuwa kakanka marini ne a Ƙofar Mata, ko bafatake mai kai kaya Gwanja, ko badukun da ya ɗinka wa hakimi kayan doki, har ka kai bangon ƙarshe ba za ka ci karo da shi ba.

Tarihin sarakuna a zaure yake tsayar da kai, Baba ta Karo kuwa hannunka take kamawa ta shiga da kai har tsakar gida. Tsohuwa ce Bahaushiya mai jinin Barebari, haihuwar wajen 1877, ta tashi a Karo kusa da Zarewa, a ƙasar Kano wajen iyaka da Zazzau. Tsakanin 1949 da 1950, tana zaune a Giwa, ta yi ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta. Matar M. G. Smith ce, wanda ya yi manyan littattafai a kan sarautar Zazzau da ta Kano. Baba tana faɗa da Hausa, ita tana rubutawa, sannan ta mayar da shi Turanci, aka buga a 1954 da sunan Baba of Karo. Baba ba ta ga littafin ba, ta rasu a 1951. Akwai bugun Hausa mai suna Labarin Baba, wanda ya yi sa'ar samunsa kada ya tsaya ciniki.

Baba ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi. Tun daga shafukan farko za ka ga yadda tsohuwar Bahaushiya take ƙirga zuriya, kuma ba irin ƙirgar maza ba ce ta wane ɗan wane ɗan wane. Ita takan bi ta wa ya auri wa, wace ce ta fita ta dawo, wa aka ba wa riƙon wa, su wa ke wasan taubasai, wace ƙawa ce ta kawo biki aka ninka mata ranar nata. Akwai kunyar ɗan fari, akwai wankan jego, akwai zaman kishiyoyi da bori da talla. Akwai kuma abin da ba ma cika son tunawa ba: rinjin gidansu da bayin da suke noma a cikinsa, da mahara da suke ɗauke mutane a gona, da yadda dangi suke haɗa kuɗi su fanso nasu. Ta faɗa ba kwana-kwana cewa su Haɓe ba su ƙi zuwan Turawa ba, masu mulki ne suka ƙi. Mai karatu yana iya yarda da ita ko ya ƙi, amma ba daga littafin wani ta ɗauko ba, a gabanta aka yi.

Amfanin littafin ga mai neman asali ba sunayen da ke cikinsa ba ne, don dangin Baba ba danginka ba ne. Tambaya yake koya maka. Gwada ka je wajen gwaggonka ka ce, "Gwaggo, mu asalinmu daga ina muke?" Da wuya amsar ta wuce, "Daga gabas, ɗan nan," ta ci gaba da tsince shinkafarta. Amma ka ce, "Gwaggo, wai wa ya riƙe Babanmu yana yaro? Ranar sunansa a wane gida aka yanka rago?" To nemi tabarma ka zauna. Za ta ajiye faifan, ta fara da wata Iya da ba ka taɓa jin sunanta ba, ta bi ta unguwar da aka taso kafin a dawo wannan, ta faɗo sana'ar da aka bari, ta ambaci ƙauyen da ake aiko muku da gero duk kaka ba ka taɓa tambayar dalili ba. Wanda bai karanta Baba ba, tambaya ta farko zai yi ya tashi hannu rabbana.

Littafin yana da nasa rauni. Baba ba 'yar birni ba ce, ba za ta gaya maka komai a kan Madabo ko Sharifai ko Koki ba. Sannan abin da ta zaɓi ta gaya wa baƙuwa ne, baƙuwar kuma ta tsara shi yadda ta ga dama. Gabatarwar da mijin baƙuwar ya rubuta nauyi gare ta, a tsallake ta a dawo daga baya. Ga ɗan gidan fatake, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, littafin Paul Lovejoy na 1980, Caravans of Kola, shi ne cikon da ya dace, don a can ne za a ga irin hanyar goron da ta haifar da attajirai irin su Alhassan Dantata.

Da an ce littafin asali wasu sai su tuna Roots na Alex Haley, na 1976, labarin Kunta Kinte da aka sato daga Juffure ta ƙasar Gambiya. Labari ne mai taɓa zuciya, amma masana tarihi sun yi jayayya da salsalar da ya jero, kuma ciwon da yake magani ba irin namu ba ne. Su teku ce ta yanke musu zumunci, mu namu tsofaffin suna nan a ɗaki, zuwa ne ba ma yi.

Sai doki. Littafin Robin Law, The Horse in West African History, ya fito a 1980, kuma ya zo da maganar da mai son hawa ba lallai ya ji daɗinta ba. Dokin yaƙi da kayansa baƙi ne. Akwai ƙananan dawaki a ƙasashen nan tun da daɗewa, ana hawansu ba sirdi. Wajen ƙarni na 13 zuwa na 14 ne manyan dawaki suka yawaita ta hanyar Sahara da ta gabas, tare da sirdi da likkafa da linzami, sai yaƙi ya sauya kama, mulki ma ya sauya. Tarihin Kano ya gaskata shi ta nasa ɓangaren, don ya ce Kanajeji, wanda ake sa mulkinsa tsakanin 1390 da 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma yana aika wa Kwararrafa dawaki suna aiko masa da bayi. A Barno, a farkon ƙarni na 16, Leo Africanus ya rubuta cewa ana ba da bayi 15 ko 20 a kan doki ɗaya.

Wanda ya taɓa leƙa barga da sassafe zai fahimci hujjar Law ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kafin rana ta ɗaga an kwashe kashi a turke, an kawo ruwa, an jiƙa dusa da ɗan kanwa, an zuba gero ko dawa, an warware damin harawa. Wani yaro ya tafi yankan ciyawa, wani yana goge jikin dokin yana duba kofato, ga kilisa da yamma don kada ƙafa ta yi sanyi. Dabba ɗaya ke nan, kuma kullum ne, ba ranar Sallah kaɗai ba. To ka auna Sarki Kutumbi, na ƙarni na 17, wanda tarihi ya ce idan ya fita yaƙi ko Sallah dawakin zage 100 ne suke biye da shi. Hannu nawa ne a bayan wannan? Abin da Law yake nunawa shi ne doki yana cin mutane ta fuska biyu, da bayi ake sayensa, bayi ne kuma suke yi masa hidima, shi kuma da shi ake kamo wasu bayin. Ba banza ba Shamaki, mai kula da bargar sarki, yake cikin manyan bayin fada.

Duk da haka ba zan ce kowa ya saye shi ba. Law masanin daular Oyo ne, kuma littafin ya ɗebo Afirka ta Yamma gaba ɗaya, daga Mali zuwa Barno zuwa ƙasar Yarabawa inda ƙudan tsando yake kashe dawaki sai an yi ta sayo sababbi daga arewa. Kano tana ciki, amma ba ita ce a gaba ba. Turancinsa na jami'a ne, shafi rabi bayani rabi manazarta. Ba zai koya maka bambance akawal da bidi da kili ba, ba zai gaya maka wace jalala ta dace da wane sirdi ba, kuma ba littafin Hawan Daushe da Hawan Nassarawa ba ne, duk da cewa hawan nan ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2024. Wannan ilimin a bakin masu barga da 'yan lifida yake. Wanda yake son yaƙin doki na kusa da gida, littafin Joseph Smaldone na 1977, Warfare in the Sokoto Caliphate, ya fi kusa da shi. A can ne zai ga yadda maharban Shehu suka karya dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804, da yadda daular ta koma ta dogara da dokin da ta kayar, har zuwa 1903 da bindigar Turawa ta rufe babin a Kano da Kwatarkwashi.

Na huɗun shi ne wanda mutane ba sa zaton yana da alaƙa da sauran. Signal and Noise na Brian Larkin, wanda ya fito a 2008, a Kano aka yi bincikensa, a shekarun 1990, kuma kusan kowane wuri da ya ambata za ka iya hawa adaidaita ka je. Ya faro daga jirgin ƙasa da ya iso a 1911, da ruwan famfo da lantarkin En'e, wato hukumar gargajiya, da aka buɗe a 1931 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda jama'a suka yi ta ɗari-ɗari da su da farko. Ya zo kan rediyon 1944, akwatin da aka ja masa waya daga tasha ɗaya aka kafa a bainar jama'a, ba ka da ikon murɗawa ka canza. Ya zo kan majigi, motar gwamnati mai haska finafinan tsafta da noma a fili, mai sharhi yana fassarawa da Hausa yana ƙara gishirinsa. Sai gidajen silima: Rex a 1937, gobarar El Duniya a 1951 wadda ta ci rai 331 har mutane da yawa suka ɗauke ta a matsayin hukuncin Allah, da rigimar da aka sha da aka buɗe Palace a cikin ganuwa.

Inda ya fi daɗi shi ne Ƙofar Wambai. Larkin ya nuna yadda 'yan kasuwar da suka ƙware wajen kwafar kaset ɗin Indiya da na Amurka ba da izini ba, su ne suka shimfiɗa hanyar da finafinan Hausa suka bi suka kai ko'ina. Mai shirya fim yakan buga kwalin kaset ya sayar wa dila, dilan ya kwafa da kansa ya zuba a ciki, adadin kwalin shi ne lissafin kuɗin. Babu wanda ya ƙera na'urar bidiyo da wannan tsarin a ransa, Kanawa ne suka tanƙwara ta. Haka finafinan Indiya da Kwara, wato 'yan Lebanon masu gidajen silima, suka fara kawowa, ba wanda ya yi tsammanin za su zauna daram a zuciyar Bahaushe har su shiga waƙarsa.

A nan ne Law da Larkin suke haɗuwa, ko da yake shekara wajen 600 ce tsakanin abin da suke magana a kai. Wani abu ya zo daga waje, masu mulki suka fara riƙe shi don ƙarfinsu, jama'a suka yi masa kallon tsoro, daga baya masu sana'a suka karɓe shi suka sake masa fasali. Sirdi ya zo, maƙera da dukawa da masu ɗinkin lifidi suka mayar da shi ɗan gida har yau muna kiransa gadonmu. Wanda ya karanta ɗaya daga cikin biyun ya riga ya kama rabin ɗayan, shi ya sa ban ga dalilin sayen duka biyu a tashi ɗaya ba. Idan zaɓi ne, Larkin nake ba wa gaba, saboda a titunanmu yake tafe. Aibinsa biyu ne. Yana yawan tsayawa ya yi hira da masana falsafar Turai, musamman a gabatarwa, har mai karatu ya fara hamma, maganin wannan kuwa a fara daga babin rediyo. Sannan ya tsaya a zamanin kaset da faifan bidiyo, babu wayar hannu ta zamani, babu TikTok, babu masu tura finafinai a waya a bakin kasuwa. Wannan babin kai za ka cike da abin da idonka yake gani.

To wa ya kamata ya sayi wanne? Wanda Turanci yake ba shi wahala, ko yake son abin da zai karanta wa mahaifinsa bayan la'asar, Dokaji ne nasa, kuma shi ne mafi sauƙi a aljihu idan an dace da shi. Ɗan gidan sarauta mai son sanin inda ya tsaya a jerin gwanon hawa, shi ma nan zai fara. Ɗalibin aikin jarida, da mai harkar fim, da duk wanda sana'arsa take cikin waya da kwamfuta, Larkin zai ba shi abin da zai daɗe yana tunani a kai. Law da Smaldone na ɗakin karatu ne, a je a zauna a karanta babi biyu uku a yi rubutu a tashi, sai fa mai barga da yake son su a kan kanta don sha'awa. Kafin a yi odar kowanne daga waje, a fara tambaya a ɗakin karatu na Murtala Muhammad da na Jami'ar Bayero, a leƙa Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama, a zaga wajen masu tsofaffin littattafai na Sabon Gari da Kurmi. Tsohon bugu da ya sha hannu bai rage komai daga abin da ke ciki ba.

Amma idan kuɗin na littafi ɗaya ne, kuma tambayar ita ce mu 'yan wane gida ne, Baba nake cewa a saya, ko namiji ko mace. Sauran ukun za su jira ka shekara goma ba abin da zai same su. Gwaggo da Kawu da Hajiya Babba kuwa ba su da wannan alƙawarin, kuma littafin Baba ne kaɗai a cikin huɗun yake sa mutum ya rufe shi ya tafi wajensu. Idan za ka je, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, don akwai maganar da tsohuwa za ta faɗa maka amma ba ta yarda ta fita daga ɗakin ba, musamman abin da ya shafi bauta ko auren da ya mutu da rigima. Kada ka tara su wuri ɗaya, kowa ka same shi shi kaɗai, don a gaban yaya ƙanwa ba ta gyara masa zance. Sunayen da aka ambata ka rubuta su a takarda a ranar, da laƙabi da unguwa da sana'a, domin Iya da Inna da Baba suna da yawa a kowane gida, bayan wata guda ba za ka tuna wacce ake nufi ba. Muryar kuma kada ta kwana a waya ɗaya, ka tura wa ɗan'uwa ko ka sauke a kwamfuta tun a daren, ka san halin da ake ciki da masu ƙwacen waya.